Ta yaya za a ƙawata bakin teku kuma a rage nutsewar masu wanka?

"Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin da aka ɗora wa gyaran wani bakin teku mai tsawon kamar kilomita ɗaya da rabi. Ranakun hutu wurin cika yake yi maƙil, kuma da wuya shekara ta fita ba a rasa rai a ruwa ba. Wasunmu suna son a zuba kuɗin a kan ado don a ja baƙi, wasu kuma sun ce a kafa allunan gargaɗi da shinge kawai. Shin akwai dabarun zane da za su haɗa biyun, wuri ya yi kyau kuma haɗari ya ragu? Ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, kwamitinku ya rabu biyu ne saboda ana ganin ado da tsaro kamar kishiyoyi masu rabon kuɗin cefane ɗaya. A bakin teku kuwa adon ne yake yanke inda mutum zai shiga ruwa. Mai zuwa shan iska ba ya duba teku ya zaɓi wurin da ya fi aminci. Inda ya ajiye mota, inda ya ga inuwa da banɗaki da wurin zama mai kyau, nan zai shimfiɗa tabarmarsa, kuma ruwan da ke gabansa shi zai shiga. Saboda haka duk abin da kuka gina mai jan ido, kun riga kun ce wa jama'a "ku yi wanka a nan", ko kun rubuta ko ba ku rubuta ba. Aikinku shi ne ku gano yankin ruwan da ya fi sauƙin haɗari, ku tara dukkan kyau da jin daɗi a gabansa, ku bar gaban mugun ruwa ba abin da zai zaunar da mutum.

A fara da karanta ruwan

Kada a taɓa takardar zane sai an san halin ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, a koguna da tafkuna da rijiyoyi da teku. A gaɓar da igiyar ruwa ke karyewa, babban mai kisa shi ne abin da zan kira ruwan ja. Igiyoyi suna turo ruwa bisa yashi, ruwan ya taru, sai ya nemi hanyar komawa. Inda ya sami gibi a tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa, nan yake kwarara zuwa cikin teku kamar rafi siriri. Yawanci gudunsa bai wuce rabin mita a daƙiƙa ɗaya ba, amma an auna wanda ya kai kusan mita 2.5 a daƙiƙa, gudun da ko gwanin ninƙaya na gasar duniya ba zai iya tsere masa ba. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na ceton da ake yi a irin waɗannan gaɓoɓi, ruwan ja ne sanadi.

Abin da ya sa yake cin mutane shi ne kyan ɗan maciji gare shi. Dama da hagu igiya na karyewa da farin kumfa da ƙara, tsakiya kuma ga wani fili mai duhu, kwance lumui, kamar an share shi don yara. Uba mai hankali zai dubi kumfar ya ji tsoro, ya kai iyalinsa wurin da ya lafa, alhali nan ne bakin kwararon. Wurin ya lafa ne saboda ya fi zurfi, igiya ba ta samun tudun da za ta karye a kai.

Ga yadda ake gano su. A sami wuri mai tudu, ko a tashi ƙaramin jirgi maras matuƙi, a ɗauki hoton gaɓar gaba ɗaya daga wuri guda, lokacin cikar teku da lokacin janyewarsa, a maimaita aƙalla sau biyu a mako har tsawon shekara idan hali ya yi, domin gaɓar damina daban take da ta rani. Ruwan ja ya fi ƙarfi dab da ƙarshen janyewar teku. A zuba koren rini marar guba da masu bincike ke amfani da shi a bakin inda ake zargi, za a ga ya miƙe ɗoɗar ya nufi teku. Sannan a zauna da masunta da masu ceto da ma'aikatan asibitin da ke karɓar waɗanda aka tsamo, a ɗora kowane haɗarin da aka tuna a kan taswira: wuri, wata, ƙarfe nawa, shekarun mutumin. Kusan kullum za a ga ɗige-ɗigen sun taru a wuri biyu ko uku, kuma sau da yawa ɗaya daga ciki yana gaban babbar mashigar jama'a ne, ko a gefen wani dutse ko gadar da ta kutsa cikin ruwa. Ruwan ja na gefen dutse da gini ba ya ƙaura, na tsakiyar yashi kuwa yakan gusa bayan kowace guguwa. Wannan bambancin shi zai gaya muku abin da za a kafa dindindin da abin da dole ya zama mai ɗaukuwa.

Mashiga da inuwa su ne jagora

Da taswirar ta fito, sai a tsara hanyar ƙafar mutum tun daga titi. Babban wurin ajiye motoci, tashar bas, banɗaki, famfon wanke ƙafa, rumfunan ciniki da filin wasan yara, duk su taru a bayan yankin da aka zaɓa don wanka. Yawancin mutane, musamman masu ɗauke da yara da kaya, ba sa nisa da inda suka sauko kan yashi. Idan tsohuwar mashiga tana fuskantar mugun ruwa, a karkatar da ita. Ana yin haka da dakalin katako mai lanƙwasa wanda zai ɗauki mutum a bisa tudu, ya nuna masa teku daga sama, ya sauke shi a gaban hasumiyar ceto. Ƙarin tafiyar mita ɗari a kan hanya mai kyau da inuwa ba wanda zai yi ƙorafi a kai. Shingen waya kuwa, mako ɗaya ya isa a huda shi.

Gaban mugun ruwa ba sai an mayar da shi kufai ba. A bar shi wurin kallo da tafiya: dandamali a bisa tudu mai makari, ciyayi masu kauri tsakaninsa da yashi, ba matakala, ba kujera a ƙasa, ba lema. A birnin Zadar na ƙasar Kuroshiya, mai zanen gine-gine Nikola Bašić ya gina matakalan dutse a bakin teku a 2005, da bututu 35 a ƙarƙashinsu, igiya tana tura iska ciki suna fitar da sauti kamar sarewa. Darasin da ke ciki shi ne ana iya ba mutum dalilin zama ya saurari teku ba tare da ya shiga ba. Sai dai a gaɓa mai ƙarfin igiya, irin wannan gini sama da ruwa ya kamata ya tsaya, kada matakalarsa ta gangara ciki.

Inuwa ita ce maganaɗisu mafi ƙarfi, kuma ita ce mafi arha. Rumfunan yadi masu siffar filafilan jirgin ruwa suna da kyau daga nesa, amma a kula da abu uku. Ginshiƙansu su shiga ƙasa sosai da gindin kankare, yadin ya zama mai saurin kwancewa idan iska ta taso, kuma a jera su a bayan layin hasumiya domin kada su tare wa mai ceto gani. Bishiyar kwakwa tana ƙawata hoto, amma 'ya'yanta masu nauyi ne kuma daga sama suke faɗowa. Idan an dasa ta kusa da wurin zama, dole a sa ranar sauke 'ya'yan da busassun rassa a jadawalin aiki.

Hasumiyar ceto

Idan kuɗin abu ɗaya kawai kuke da shi na ado, ku zuba shi a nan. Bayan guguwar Andrew ta 1992 ta lalata rumfunan masu ceto a gaɓar Miyami da ke Amurka, mai zane William Lane ya fito da sababbi masu launuka masu haske da siffofi daban-daban, kuma yau su ne hoton da aka fi sanin gaɓar da shi. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu ta fuska biyu. Baƙi suna taruwa kusa da su don ɗaukar hoto, wato suna taruwa a ƙarƙashin idon mai ceto. Sannan yaron da ya ɓace ba zai tuna lamba ba, amma zai iya cewa "muna kusa da mai kama da kifi". A Toronto ta Kanada kuma, tun 2015 ake gasar shekara-shekara inda masu zane ke lulluɓe kujerun masu ceto na bakin tafki da ayyukan fasaha a lokacin sanyi, lokacin da ba a wanka.

Amma siffa ta biyo bayan aiki. Daben hasumiya ya ɗaga kamar mita 2 zuwa 3 bisa yashi, domin daga ƙasa ba a ganin kan mutum a bayan igiya. Gaba da gefe biyu su kasance a buɗe ko gilashi, ba ginshiƙi mai kauri a kusurwa. Gilashin a karkata samansa waje kaɗan kamar na hasumiyar filin jirgin sama, don ya rage ƙyallin rana. Rufin ya zarce da faɗi, saboda mai ceton da rana ke dukan idonsa awa shida ba ya gani da kyau. A gaba a yi gangara maimakon tsani, domin mai gudu da allon ceto a hannu ba ya saukowa tsani da baya. Dalilin wannan gaggawa a fili yake: mai nutsewa da wuya ya yi ihu ko ya ɗaga hannu, fafutukarsa a saman ruwa takan ƙare cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska. A ƙarshe, a ɗora hasumiyar a kan dogayen katakai biyu masu kama da takalmin sulu, yadda tarakta za ta ja ta idan ruwan ja ya ƙaura ko teku ya ci yashi. Hasumiyar kankare da aka kafe a wuri ɗaya, bayan shekara uku za ka iya tarar da ita tana gadin inda ba kowa.

Kowace hasumiya ta ɗauki lamba babba a dukkan fuskokinta, har da saman rufin domin jirgin sama mai saukar ungulu. Kowace mashiga ma haka. A jihar Yammacin Ostareliya an kafa alluna masu lamba ta musamman a mashigan gaɓoɓi, lambobin kuma suna cikin rumbun bayanan masu ɗaukar kiran gaggawa, don mai kira ya faɗi lamba kawai a san inda yake. Wannan sai an haɗa kai da masu motar asibiti da 'yan kwana-kwana, in ba haka ba lambar ado ce kurum. A bar musu hanya ɗaya aƙalla mai faɗin mita 4, mai tauri har bakin yashi, wadda ba a yarda kowa ya ajiye mota ko ya kafa rumfa a kai ba.

Launi yare ne, kada a cakuɗa shi

Nan ne masu son ado suka fi yin kuskure. Tutar da rabinta ja rabinta ɗorawa, wadda aka fara amfani da ita a Ostareliya a 1935 kuma ƙasashe da yawa suka ɗauka, ma'anarta ita ce a yi wanka tsakanin guda biyun da aka kafa a yashi, akwai mai ceto. Ja zalla na nufin haɗari babba, ɗorawa na nufin a yi hattara, mai ɗigon murabba'i baƙi da fari kuma yankin masu allon hawan igiya ne. A Amurka ana ƙara shunayya don halittun ruwa masu harbi. Ku bi tsarin da hukumar ƙasarku ta amince da shi, sannan ku kafa doka ɗaya a kan duk mai zane da mai haya: ja da ɗorawa na ceto ne kaɗai. Ba lemar haya ja, ba tutar talla ɗorawa, ba rumfar ciniki mai waɗannan launuka. Ado ya ɗauki shuɗi, kore, fari, ruwan ƙasa da ruwan hoda. Idan aka yi haka, ido zai tsinci tutar ceto daga nesa ba tare da an nuna masa ba. Ɗakunan sauya kaya masu launi-launi irin na Muizenberg a Afirka ta Kudu suna da ban sha'awa ƙwarai, amma wurinsu can baya ne, nesa da layin tutoci.

Kada a dogara da launi shi kaɗai. Kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu a wasu al'ummomi ba ya bambance ja da kore sosai, baƙo kuma ba lallai ya iya karanta harshenku ba. Kowace alama ta haɗa launi da siffa da hoto. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na ISO 7010 da ISO 20712 sun tanadi hotunan alamomin tsaron ruwa da tutoci, kuma gara a ɗauke su yadda suke da a ƙirƙiro sababbi. Allo guda a kowace mashiga ya isa, a daidai inda mutum zai taka yashi, a tsayin ido, da saƙo uku kacal: haɗarin wurin, inda ake wanka, lambar da za a kira. Allo mai dokoki ashirin ba mai karanta shi. Abin da na ga ya fi tasiri shi ne hoton gaɓar kanta da aka ɗauka daga sama, an zana kibiya a kan ruwan jan, an rubuta abin yi a taƙaice: kada ka yi kokawa da shi, ka kwanta bisa ruwa, ka ɗaga hannu, in kana da ƙarfi ka yi iyo ta gefe. Wajen girman rubutu, a ba kowace mita 2 zuwa 3 ta nisan mai karatu santimita ɗaya ta tsayin harafi.

Daben hanya ma yana iya magana. Shimfiɗar duwatsu baƙi da fari mai siffar igiya ta Kopakabana a Barazil, wadda Roberto Burle Marx ya sake tsarawa a 1970, ta kai kimanin kilomita 4 kuma ta zama tambarin birnin. A Benidom ta Sifaniya, hanyar bakin teku da Carlos Ferrater da Xavier Martí suka zana, aka kammala a 2009, an shimfiɗa ta da tayil masu launi da ke sauyawa yanki-yanki. Ku ari wannan dabara ku ba ta aiki: kowane yanki na mita 200 ko 300 da launinsa da alamar dabbarsa, a daben hanya, a kwandon shara, a jikin hasumiya. Ana iya raba wa yara abin hannu na roba mai launin yankin da iyayensu suka zauna. A cikin ruwa kuma, jerin ƙwallaye masu iyo ya raba masu wanka da jiragen ruwa da baburan ruwa. A Faransa, alal misali, an taƙaita gudun jirage a cikin mita 300 na farko daga gaɓa, kuma ana yi musu hanyar shiga da fita ta daban.

Tuddan yashi da ginin da ke ɓata gaɓa

Tudun yashin da ke bayan gaɓa shi ne katangar da Allah ya yi wa wurin, kuma shi ne ajiyar da teku ke ɗiba lokacin guguwa ya mayar daga baya. Saiwar ciyawa ce ke riƙe shi, sawun mutane kuma ke kashe ciyawar. Da zarar an yi turba a kai, iska za ta ƙwaƙule ta ta zama kwazazzabo, ruwan guguwa ya biyo ta nan. Maganinsa gadar katako a kan ƙafafu, a ɗage ta yadda yashi da haske za su wuce ta ƙasa, a karkata bakinta daga inda iska ta fi kaɗowa. A gefe a kafa shingen siraran itatuwa mai rabin fili rabin rufe, wanda ke rage gudun iska ya sa yashi ya zube a bayansa, sannan a dasa ciyawar da asalinta ta yankin ce. Kada a kawo baƙuwar shuka don furenta, takan mamaye wuri ta kori na gida. Tudu mai ciyawa da gada mai lanƙwasa a kansa ya fi kowane gini kyau a ido, kuma yana tilasta wa jama'a bin mashigar da kuka zaɓa.

Ina gargaɗinku da babbar murya kan jera duwatsu ko kankare zuwa cikin ruwa don a tare yashi. Yashi na tafiya a gefen gaɓa kamar kogi. Idan kuka tare shi, gefenku zai cika, maƙwabcinku na ƙasa ya zaizaye, kuma ruwan ja na dindindin zai zauna a jikin ginin, daidai inda samari ke son hawa su yi tsalle. Katangar kankare a tsaye ita ma takan mayar da ƙarfin igiya ƙasa ya kwashe yashin gabanta. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ko zuba sabon yashi yana da nasa sharaɗin. A 2011 Holan ta zuba yashi mai yawan mita miliyan 21.5 na tsayi da faɗi da zurfi a kudu da birnin Heg, ta bar igiya da iska su rarraba shi cikin shekaru, kuma sai da aka riƙa sa ido kan sababbin hanyoyin ruwa da tulin ya haifar saboda masu iyo. Idan yashin da aka kawo ya fi na wurin kaushi, gaɓa takan yi tsaye, igiya ta riƙa faɗowa da ƙarfi a kan busasshiyar ƙasa, wadda ke karya wuya da kafaɗa. Wannan fanni ba na mai zanen fili ba ne, aikin injiniyan gaɓar teku ne, kuma bai kamata a motsa dutse ɗaya ba sai da bincikensa.

Idan bincike ya nuna duk gaɓar ba ta da yankin da ya dace da yara, akwai tafkin teku: kewayen dutse ko kankare da ruwan teku ke cikawa ya sabunta lokacin cikarsa. Wanda Álvaro Siza ya gina a Lesa da Palmeira ta Fotugal, aka kammala a 1966, ya saje da duwatsun wurin har da wuya ka ce ga inda aikin mutum ya fara. Irin wannan tafki yana buƙatar bututun zubar da ruwa mai murfin raga don kada ya tsotse ƙafa, rubutun zurfi a kowane gefe, goge gansakuka a kai a kai saboda santsi, da ƙofar da za a rufe ranar da igiya ke tsallake katanga.

Fitila, kayan gini da masu buƙata ta musamman

Da dare a haska hanya, mashiga, banɗaki da wurin motoci, a bar ruwan da duhunsa. Hasken da aka watsa kan teku gayyata ce zuwa wankan dare, lokacin da ba mai ceto kuma wasu sun sha abin da ya gusar da hankalinsu. Gajerun fitilu masu tsayin gwiwa ko ƙugu, masu hula da ke tura haske ƙasa, sun fi dogayen sanduna kyau kuma ba sa kashe ido. Inda kunkurun teku ke yin ƙwai, farin haske na rikita 'ya'yansu su nufi titi maimakon ruwa. A jihar Fulorida ana amfani da fitilu masu launin ruwan zuma ko ja, masu tsawon zangon haske daga nanomita 560 zuwa sama, a ƙasa-ƙasa kuma a rufe ta fuskar teku.

Gishiri ba ya raga wa komai. Kusoshi da noti da makari su zama na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, domin mai lamba 304 yakan yi tabo a iskar teku. Kada a haɗa alminiyam da wani ƙarfe kai tsaye ba roba a tsakani, ɗayan zai cinye ɗayan. Kankare ya rufe rodinsa da kauri sosai, aƙalla santimita 5, in ba haka ba rodin ya kumbura ya fasa shi. A guji dabe mai duhu da kujerun ƙarfe, rana takan mayar da su abin ƙona tafin ƙafar yaro. Tayil mai sheƙi kusa da famfo kuma tarko ne. Makarin dandamali ya kai tsayin mita 1.1, sandunansa a tsaye don kada yaro ya taka su kamar tsani, tazararsu ƙasa da santimita 10 don kada kansa ya shige.

Gangarar keken guragu kada ta wuce tashin mita ɗaya a kowace mita 12, ɗaya cikin 20 ya fi daɗi. Tazarar katakan dabe ta tsaya ƙasa da milimita 13 saboda ƙananan ƙafafun keke da sandar makafi. Daga ƙarshen dakali a shimfiɗa tabarmar roba mai faɗin mita ɗaya da rabi har inda yashi ya jiƙe. Shuɗiyar tabarma a kan farin yashi tana da kyau, kuma za ku ga kowa na binta, masu keken jarirai da tsofaffi da masu jan akwatin sanyi, don haka a miƙe ta ta ƙare a tsakiyar tutoci. A Girka an kafa kujeru masu tafiya a kan dogo da hasken rana, masu suna Seatrac, da ke kai nakasasshe cikin ruwa su dawo da shi da kansa.

Wani haɗarin da ake mantawa yana kan tudu: ramukan da yara ke haƙawa. Mita ɗaya ta yashi tsayi da faɗi da zurfi ta haura tan ɗaya da rabi, kuma ramin kan rufta ba gargaɗi. Ƙa'ida ita ce kada rami ya wuce gwiwar ƙaramin yaron da ke wasa a ciki, a kuma cike shi kafin a tashi. Filin ginin yashi da aka keɓe a gaban hasumiya yana tara masu wannan wasa a inda ake ganinsu.

Iyakar abin da zane zai iya

Zane yana kai mutane inda ya dace, amma ba ya tsamo kowa daga ruwa. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ƙiyasta cewa yiwuwar mutum ya nutse a gaɓar da ƙwararrunta ke gadi ɗaya ne cikin miliyan 18. Wannan adadi na mutane ne masu horo, da albashi, da hutu, da kayan aiki. Hasumiya mai kyau da ba kowa a ciki ta fi rashinta muni, domin iyaye za su gan ta su saki jiki. Lokacin da ba mai gadi, a sauke tutoci, a rufe tagoginta, a rataya allon da ke faɗin haka ƙarara, a bar zoben ceto da igiyarsa a sanduna masu lamba a kan tazarar da mutum zai iya kaiwa da gudu. Na'urori suna taimakawa: a watan Janairun 2018 a Lenoks Hed ta Ostareliya, jirgi maras matuƙi ya jefa wa wasu samari biyu abin iyo suka tsira, amma mai ceto ne ke riƙe da linzaminsa.

Game da ta ina za ku fara, ga jerin da nake ba da shawara. Shekarar farko ta tafi a kan taswirar ruwa, ɗaukar masu ceto da horar da su, tutoci, lambobin mashigai da hanyar motar asibiti. A cikin wannan shekarar a gwada sabuwar mashiga da rumfuna da kayan wucin gadi, igiya da turaku da tabarmar roba, a riƙa ƙirga mutane nawa ke wanka cikin tutoci da nawa ke waje, a ranakun cunkoso, a sa'o'i iri ɗaya. Idan adadin na waje bai ragu ba, a matsar da inuwar da mashigar a sake ƙirgawa. Sai abin ya zauna sannan a kira mai zane ya mayar da na wucin gadin gini, da mai ceto mafi daɗewa a wurin zaune a teburin da ake zanen. A kasafin kuma a ware kuɗin fenti, sauya kusoshi, wanke alluna da jan hasumiya na kowace shekara tun kafin a amince da kuɗin ginin kansa.